Duniya Dubu Sau Dubu, da Ƙanena Guda

Ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare a nan cikin garin Sakkwato, kuma kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya ga wani abu a waya ya ɗaga hannu: "Malam, wai da gaske akwai wasu duniyoyi bayan tamu, har da wani ni a can?" A aji gajeriyar amsa nake bayarwa, in ce ba ya cikin manhaja, mu koma kan darasi. Doguwar amsar akwai rasuwa a cikinta, ba abin da zan faɗa riƙe da alli ba ne.

Yara kan haɗa abu biyu. Duniyoyi irin su Mars, da waɗanda ke kewaya wasu taurari, ba a gardama a kansu, tun 2022 adadin waɗanda aka tabbatar ya haura 5,000. Abin da ake ja a kai shi ne ko wannan halitta gaba ɗayanta, da taurarinta da sararinta da lokacinta, tana da wasu ire-irenta waɗanda babu hanyar zuwa gare su, babu kuma hasken da zai taso daga can ya iso nan.

Husufin ranar 29 ga Maris 2006 ne ya ja ni fiziks. Ina sakandare lokacin. Rediyo ya yi kwanaki yana faɗin ranar har da sa'ar, tsofaffin unguwarmu suna cewa wa ya ba Bature sanin gaibu. Da hantsi rana ta dushe, iska ta yi sanyi. Mu nan ba ta rufe duka ba, Gusau da Katsina ne suka ga duhu sosai, amma an yi sallar kisfewa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutum ya zauna da takarda da biro ya ce ga ranar ga sa'ar, kuma sama ta zo ta gaskata shi. Tun daga ranar, duk abin da aka ce mini ilimi ne, da wannan nake gwada shi.

Ina Jami'ar Usmanu Danfodiyo ambaliyar Satumban 2010 ta cinye gadar da ke kai mutum mazaunin dindindin. Karatu ya tsaya, wanda dole ta kama sai kwalekwale. Zaman gida ya yi tsawo, ga wata tsohuwar Nokia a hannuna, sai na shiga karanta abin da ba a koya mana a aji. A nan na san cewa shekara ɗari da suka wuce masana gardama suke yi kan ko akwai wani gungun taurari bayan namu, sai da Edwin Hubble ya auna nisan Andromeda a tsakiyar shekarun 1920 ya nuna tana can waje. Yau an san haskenta shekara miliyan 2.5 yake yi a hanya, alhali haske kilomita 300,000 yake ci a sakan guda. A 1929 Hubble ɗin ya nuna gungun taurari suna nisantar juna, abin da wani limamin coci ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, ya riga ya fitar ta lissafi a 1927. Aka bi sawu baya aka kai shekara biliyan 13.8. Tunda halitta tana da mafari, gudun haske kuma yana da iyaka, dole hangenmu ma ya yi iyaka. Abin da ke bayan iyakar ba wai babu shi ba ne, haskensa ne bai iso ba.

Sai na iske Alan Guth, wanda a 1981 ya wallafa cewa a farkon farawa sarari ya yi wata irin buɗewa mai tsananin sauri cikin ɗan lokacin da bai kai a kira shi lokaci ba. Alexander Vilenkin da Andrei Linde suka bi lissafin suka ga buɗewar nan ba ta tsayawa ko'ina lokaci guda. Ta lafa a nan wata halitta ta fito, ta ci gaba a can wata ta fito, haka ba iyaka. Kumfa suke kiran kowace ɗaya, mu muna cikin guda. Wannan bai dame ni ba. Na ce Allah mai iko, na juya na yi barcina.

Wanda ya hana ni barci shi ne Hugh Everett. Ɗalibi ne a jami'ar Princeton ta Amurka, a 1957 ya fitar da aikin digirinsa na uku. Lissafin kwantam yana cewa ƙanƙanen abu irin ilektron yana iya kasancewa cikin hali biyu ko fiye lokaci guda, amma da zarar an auna sai a tarar da shi a hali ɗaya. Niels Bohr, ɗaya daga cikin manyan masanan kwantam, da mutanensa suka ce aunawar ce ke tsayar da ɗaya, sauran su faɗi. Everett ya ce ku nuna mini inda lissafin ya ce sun faɗi. Babu. A wurinsa duk sakamakon yana faruwa, duniya ce ke rabuwa rassa, mai aunawar ma ya rabu, kowane reshe da nasa mutumin da ke rantsuwa abu ɗaya ya gani. Ya je har Kopenhegen a 1959 ya gana da Bohr, ba su fahimci juna ba. Ya bar binciken ya ci gaba da aikin lissafin da dama yake yi wa ma'aikatar tsaron Amurka, ya mutu a 1982 yana da shekara 51. Sai a wajajen 1970 Bryce DeWitt ya tono aikin ya yayata shi da sunan duniyoyi masu yawa. A 2010 abin hira ne kawai gare ni, irin wanda ake burge abokai da shi a wurin mai shayi.

Mu dukawa ne. Baba jaka da takalma da tim-tim yake ɗinkawa, da fatar jar akuyar nan tamu, kuma Autanmu ne ya gaje shi, ni boko ya ɗauke ni. A daminar 2015, ana dogon hutu, Baba ya ce ni zan je Illela sayen fata saboda Auta na da ɗinkin da zai kammala. Da dare ya ƙirga kuɗin a gabana, ya naɗe a leda ya ɗaure da kyauro. Da asuba saƙo ya shigo waya cewa duk malamai su hallara a yi tantancewa, wanda bai zo ba a riƙe albashinsa. Auta na gefen rijiya yana alwala. Ya ce, "Yaya, kawo kuɗɗin ni in tahi. Kai ko ka je ba ka iya zaɓen hwata ba." Ya ɗauki rigar ruwata da ke rataye a ƙusa ya fita.

Taya ce ta fashe bayan Gwadabawa, titi jiƙe. Kafin la'asar an kawo shi, kafin magariba mun kai shi. Kuɗin wani bawan Allah ya kawo wa Baba kwana biyu bayan haka, a ledarsu, da kyauronsu, ko naira ba ta yi ciwon kai ba. Tantancewar kuwa ba a yi ta ranar ba. Mun yi zaman jira har azahar aka ce an ɗage.

Da rana ina karɓar gaisuwa, ina cewa haƙuri sai ma'aiki kamar kowa. Da dare Everett ke zuwa. In kwanta in ce ai akwai reshen da saƙon bai shigo ba, ni na shiga motar. Akwai wanda tayar ba ta fashe ba, Auta ya dawo da la'asar da damin fata a bayan kabu-kabu yana mitar tsada. Ba mafarki nake yi ba, ido biyu, kuma da hujja, don lissafin da manyan masana suka sa wa hannu ne. Kwanakin farko ya sanyaya mini rai ƙwarai. Ban gaya wa kowa ba, wa zan gaya wa? Inna tana ɗaki da tasbaha, in je in ce mata ɗanta na nan da rai a wani reshe?

Amma lissafi ba ya ba ka rabin kansa. Idan duk abin da ke iya faruwa yana faruwa, to akwai reshen da muka tafi mu biyu, Inna ta yi rashin biyu rana ɗaya. Akwai wanda bai mutu nan take ba, ya daɗe yana shan wuya. Ban da ikon zaɓar mai daɗi in bar saura. Wancan Autan da ke raye kuma ba nawa ba ne, yana da nasa yayan da ke cin tuwo tare da shi, bai san ana kewarsa ba. Ka'idar da kanta ta ce rassan ba sa sake haɗuwa, ba saƙo, ba sallama. Na rame, na daina cin abinci sosai, a gida aka ɗauka zafin rashi ne kawai.

Akwai dattijon da ya karantar da mu Ahalari da Ishmawi a zaurensa, can wajen Hubbaren Shehu. Wata ranar Alhamis, ba karatu, na same shi shi kaɗai a kan buzu, tabaransa ɗaure da zare ta gefe ɗaya. Bayan gaisuwa na kewaya na kewaya, sannan na ce, "Allah shi gafarta Malam, Turawa na cewa akwai wasu duniyoyi bayan wagga, kowace da sammanta da ƙassanta. Wanda yay yarda da haka ya taɓa imaninai?"

Ya yi dariya har da tari. "Turawa sunka hwara hwaɗin haka?" Ya kira wani almajiri ya ce a ɗauko masa juzu'in farko na tafsirin Razi. Tsohon bugu ne, takardar ta yi ja, gefenta duk rubutun hannu. Ya lashi yatsa ya buɗe wajen Fatiha, bai ko yi dogon nema ba, ya karanta yana fassarawa. Fakhruddin Razi, wanda ya rasu a 606 Hijira, wato 1210, yana cewa Allah mai iko ne ya halicci duniya dubu sau dubu a wajen wannan, kowace ta fi wannan girma, kowace da irin abin da ke cikin wannan na sammai da ƙassai da rana da wata, kuma hujjojin masana falsafa na cewa duniya ɗaya ce raunana ne. Ya rufe littafin ya ce ko a nan gida jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, wanda ya rasu a 1864, ya karanci falsafa ya yi rubutu a kanta, ba wanda ya kore shi daga Musulunci.

Sai ya mai da ni aji. "Hukuncin hankali nawa na?"

"Uku, Malam. Wajibi, mustahili, ja'izi."

"To wanga ina shi ke?"

"Ja'izi."

"Shi ke nan. Allah na iya yi, shina iya bari. Ko ya yi ko bai yi ba, wanga sai da labari na gaskiya ko shaida. Kana da ɗaya?"

Na ce babu. Wannan rabon kashi uku shi ne farkon Ummul Barahina ta Sanusi, littafin tauhidin nan da yaro ma ya haddace, amma ban taɓa ɗora shi a kan fiziks ba sai ranar. Ganin fuska ta saki, sai na kwance masa sauran, Everett da rassa da motar Illela. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Ɗana, kai ba duniyoyi kaka biɗa ba. Ƙanenka kaka biɗa." Ya jawo hadisin Abu Huraira da ke cikin Muslim, cewa idan wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ne ya faru, ka ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata. Na san hadisin tun ina yaro. Ranar na gane cewa "da na yi kaza" ɗin nan ce nake kwana da ita, na dai yi mata ado da lissafi. A zauren nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Malam bai ce in yi shiru ba, ya sa aka kawo hura.

Baƙin cikina bai rushe ka'idar Everett ba, kuma ba na son a ɗauka haka nake nufi. Akwai manyan masana, irin David Deutsch na Oxford, da suka riƙe ta da gaske. Dalilina na rashin riƙe ta shi ne a ɗakin gwaji amsa ɗaya take bayarwa da ta Bohr, har yau ba a yi gwajin da ya raba gardamar ba. Kuma akwai tambayar da masu ita ke ta fama da ita: idan komai na faruwa, mene ne ma'anar a ce wannan sakamako ya fi wancan yiwuwa? Ni kuma ina da tawa ta daban, wadda ba ta fiziks ba ce. Idan akwai ni da ya yi sallar asuba da ni da ya kwana har hantsi, duk daga mutum ɗaya, wa za a yi wa hisabi? Wannan tambaya ba za ta dami Deutsch ba, ni ta dame ni.

Mutane iri biyu nake saɓa wa. Na farko namu ne, masu ɗora aya a Facebook su ce ga shi Alƙur'ani ya riga Turawa. Sukan kawo ƙarshen Suratuɗ Ɗalaƙ, inda aka ambaci sammai bakwai da ƙasa kwatankwacinsu, su haɗa da maganar da aka jingina wa Ibnu Abbas cewa a kowace ƙasa akwai Adamu kamar Adamunku. Baihaƙi da ya ruwaito ta ya ce isnadinta ingantacce ne amma magana ce da ta ware, bai san wanda ya goyi bayan mai ruwayar ba. Ban ga hikimar ɗaure aya a jikin ka'idar da gobe wani ɗalibi zai iya kayar da ita ba. In ta faɗi, me za a ce wa yaron da aka gaya wa ita ce tafsirin ayar?

Na biyu su ne masu cewa yawan duniyoyi ya sallami Mahalicci. Hujjarsu ba ta wasa ba ce. Akwai lambobi a cikin halitta waɗanda da sun ɗan goce da taurari ba su haɗu ba, balle mu. A 1987 Steven Weinberg ya yi amfani da tunanin duniyoyi masu yawa ya ƙiyasta iyakar ƙarfin da ke tura sarari ya buɗe, kuma da aka gano a 1998 cewa buɗewar ƙara sauri take yi, abin da aka auna bai yi nisa ƙwarai da hasashensa ba. Masu wata ka'idar kuma suna maganar nau'in duniyoyi da adadinsu ya kai 1 da sifili 500 a bayansa. Sai a ce cikin wannan yawa dole a dace da guda mai kyau, ba sai an tsara ba. To na ji. Amma abin da ke fitar da kumfan, da dokar da yake bi, da lissafin da ya sa ya yiwu, su daga ina? Tambayar ba ta mutu ba, an dai tura ta gaba.

Mu Sakkwatawa mun san wani abu da ya sauƙaƙa mini wannan magana. Masu lissafin falaki suna iya faɗin mintin da sabon wata zai haihu, kuma ba sa kuskure. Duk da haka daren 29 ƙasa gaba ɗaya kunne take kasawa ga fadar Sarkin Musulmi, ana jiran a ce wane a gari kaza ya gani, hakiminsa ya tabbatar. In ba a gani ba a cika talatin. Duniyoyin nan lissafi ya nuna su, shaida ce babu. Bambancin kawai shi ne watan da ya ɓuya yau gobe zai fito kowa ya gan shi, su kuwa mai yiwuwa har abada ba mai gani. Shi ya sa George Ellis na Afirka ta Kudu da Joe Silk suka yi rubutu a mujallar Nature a 2014 suna gargaɗin kada a kira abu kimiyya alhali ba a iya gwada shi.

An dai fita duba. Akwai wani tsohon haske da ya cika sarari ta ko'ina, wanda ya taso tun halitta tana da shekara 380,000, Arno Penzias da Robert Wilson suka ci karo da shi a 1964 suna zaton kashin tantabaru ne ya ɓata musu na'ura. Idan kumfarmu ta taɓa yin karo da wata, ana sa ran a ga tabo mai da'ira a jikin hasken nan. A 2011 wata tawagar masana daga Ingila da Kanada ta bincika taswirar da tauraron ɗan'adam na WMAP ya ɗauko, ba ta sami abin da ya kai hujja ba. Na Planck ya kawo taswirar da ta fi kyau a 2013, har yanzu ba wanda ya fito da tabon da aka yarda da shi. Ranar da aka samu zan karɓa da hannu biyu, ba kuma abin da zai ragu a sallata. Kafin nan matsayina na Malam ne: ja'izi, kuma in aka matsa mini in faɗi inda zuciyata ta karkata, ta fi karkata ga cewa halittar Allah ta wuce wannan guda da muke hange. Rassan Everett ne dai na ajiye.

Yanzu ni ke zuwa Illela idan an yi hutu, don ƙafar Baba ba ta ɗaukar doguwar tafiya. Ana wuce Gwadabawa tunanin yakan taso, ban ce ya daina ba. In ce ƙaddarallahu wa ma sha'a fa'al, wani lokaci sau ɗaya ta isa, wani lokaci sai mun shiga gari ina maimaitawa. Zuwan da na yi na ƙarshe na dawo da fata ina ganin na yi ciniki. Baba ya ɗaga guda ya duba ta a hasken ƙofa, ya sa yatsa a wani wuri kusa da wuya inda wuƙar mai fiɗa ta shafta. Ya ce, "Wagga nawa kab biya?" Na faɗa. Ya jefa ta kan tarin da ake yanka madaurin takalmi, ya ce gobe in zauna kusa da shi in ga yadda ake dubawa.